Kambas ɗin yawon aiki: gwanjo ko sabo, mai raga ko mai fata?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema. Bana ma ina cikin masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na yara gida-gida, kuma yankin da aka ba mu har da rugage, ba ko'ina mashin yake shiga ba. Da silifas na saba yi, amma yanzu diddigena na dama ya matsa min. Da asuba in na sauko daga gado sai na dafa bango kafin in iya taku, in na ɗan zagaya ya lafa, da yamma kuma ya dawo. Ina so ranar Lahadi in shiga Gujungu in sayi kambas. Wane iri zan nema? Lambata 39.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ki nemi mai laushin nan da in kin danna ciki yatsanki yake nutsewa. Shi nake sawa, ba nauyi ko kaɗan.

Anti Nas: Sannu Maman Sadiq. Ban duba ki ba, don haka ba zan yanke hukunci ba, amma bayanin nan naki ya yi kama da ciwon faffaɗar jijiyar da ta taso daga ƙashin diddige ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu. Cikin dare takan takure, shi ya sa takun farko na safe ya fi kowanne zafi. Doguwar tafiya a kan silifas ɗin da ya suɗe tana ƙara shi, don babu abin da yake riƙe diddigen, kuma yatsu ne suke ta fama su damƙe takalmin kada ya fita.

Ummu Hanan, a nan za mu ɗan saɓa. Laushi daban, riƙe ƙafa daban. Mai laushin nan yana da daɗi a gaban mai shago, amma in aka wuni a kansa ƙafa sai ta riƙa karkacewa a ciki. Ki ɗauki takalmin a hannu tun kafin ki sa. Ki matse bayansa inda diddige yake zama da yatsu biyu, in ya lotsa nan take ki ajiye musu kayansu. Sai ki kama gaba da baya ki lanƙwasa: wajen gindin yatsu ya kamata ya karye, inda ƙafar mutum take lanƙwasawa, ba a tsakiya ba. Sannan ki murɗa shi kamar kina matse tsumma. In ya murɗu gaba ɗaya, ba na tafiya ba ne, na kwalliya ne. Kuma bayan ya ɗan fi gaban tudu, wajen santimita ɗaya, saboda ya rage jan da jijiyar take sha.

Ummu Hanan: To ni dai ban taɓa jin ciwo a nawa ba Anti.

Anti Nas: Daga gida zuwa islamiyya kike zuwa da shi ƙanwata. Ita kuwa wuni za ta yi a tsaye da jaka a kafaɗa.

Yaya Mai Gwanjo: Na shigo an taɓo sana'ata. Maganar lamba zan fara gyarawa. Maman Sadiq, 39 ɗin da kika sani ta silifas ce, kada ki je ki kafe a kanta. Kullum sai na yi wannan rigimar da masu zuwa gidana, mace ta ce ita tun tana budurwa 38 take sawa, alhali ta haifi biyar. Ƙafa tana buɗewa da haihuwa, tana ƙara faɗi, wani lokacin har tsawo, kuma ba lallai ta koma yadda take ba.

Ki ɗaga harshen takalmin, akwai 'yar takarda a liƙe. Za ki ga lambar Amurka, ta Ingila, ta Turai, da wata da aka rubuta CM, wato tsawo a santimita. Wadda muke kira 38, 39, 40 ita ce ta Turai, kuma 39 ɗin wannan kamfani ba dole ta zo daidai da ta wancan ba. Ta CM ɗin ta fi gaskiya. Ki taka takarda a tsaye, yaro ya zagaye miki ƙafar da biro, ki auna da tef ɗin ɗinki daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo. Duka ƙafafun biyu za a auna, yawancin mutane ɗaya ta ɗan fi ɗaya, da babbar ake saye.

Anti Nas: Wannan haka yake. Ƙari a kai, ta bari sai bayan azahar ta gwada, lokacin ƙafa ta ɗan tasa, kuma da safar da za ta riƙa sawa. Tana tsaye a samu faɗin babban yatsan hannu tsakanin ƙarshen yatsunta da bakin takalmin. In shimfiɗar ciki tana fita, ta zaro ta ta taka a ƙasa. In ƙafar ta zubo ta gefe, takalmin ya yi mata siriri ko da tsawon ya yi. Kada kuma wani ya ce mata zai buɗe in an sa. Wanda ya matsa a kasuwa, bororo zai yi mata a hanya.

Amma Yaya, ki yi haƙuri, ni ba na ba mai ciwon diddige shawarar gwanjo. Soson da yake tsakanin ƙafa da robar ƙasa mutuwa yake yi ko da saman yana ƙyalli. Masu gudu ana ce musu su canza bayan kilomita 500 zuwa 800. Wa ya san nawa mai shi na farko ya ci a kansa? Kuma ya riga ya kwanta daidai da takun wani.

Yaya Mai Gwanjo: Ba haƙuri a ciki Anti, muhawara ce. Gwanjo suna suka tara. In an fasa dila a Ƙofar Wambai akwai zaɓen farko, wanda za ki ga ko zanen ƙasansa bai goge ba, mai shi ya saya bai yi masa ba ya bayar. Akwai kuma tarkacen ƙarshe da ake zubawa a ƙasa. Ke na ƙarshen kike gani a ƙafar yara shi ya sa. Yanzu ki faɗa min, wane sabo ne mai ɗaukar alawus ɗin rabon magani za ta iya saye? Asics ko New Balance na asali, sabo a kwali? Abin da zai zo hannunta shi ne jabun da aka manna wa suna. Ki ɓare shimfiɗarsa ki gani, kwali ne a ƙasa, robar kuma ramuka ce gida-gida, babu soso ko kaɗan. Wata biyu diddige ya faɗa ramin. Araha ba ta ado.

Ga yadda nake zaɓa in na je saro. Ina ajiye ƙafa biyun a kan benci in duba ta baya, wanda ya jingina gefe ɗaya ba na ɗauka. Ina duba gefen soson, in ya yi tamoji sosai ya gaji. Ina sa hannu ciki in shafa wajen diddige da gindin babban yatsa, in akwai rami to an ci moriyarsa. Sai abu mafi muhimmanci, ina karta ƙasan da farce. Akwai irin soson da in ya daɗe a ajiye yake ruɓewa, takalmi fes a ido, rana ɗaya ki ga yana zubewa gari-gari a hanya. In ya yi danƙo ko ya ɓarɓashe a farce, ko kyauta ne kada ki karɓa. Da yawa ma akwai shekarar da aka yi su a jikin takardar harshen.

Anti Nas: In za a samu mai zaɓa haka, na sassauta. Matsalar ba kowa ce take da idonki ba.

Goggon Yara: Ni dai ina ta karatu ina mamaki. Iyayenmu da ƙafa suke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis su dawo, wasu ko takalmin babu, ga kaya a ka. Ban taɓa jin wadda ta ce diddige ba. Ku yanzu sai kun sa takalmin 'yan ƙwallo a ƙarƙashin hijabi sannan za ku iya zagaya ƙauye? A garinmu matar aure ta fito da wannan, kafin ta kai bakin masallaci yara sun sa ta a waƙa.

Maman Sadiq: Wallahi Goggo kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shi ya hana ni saye tuntuni.

'Yar Gumel: Goggo ku yi min afuwa in sa baki. Maganarku akwai gaskiya a ciki. Ƙafar da ta tashi tana taka ƙasa tun yarinta tana da ƙarfi, yatsunta a baje suke, kuma yashi ba ya dukan diddige yadda siminti da kwalta suke yi. Amma wadda ciwo ya riga ya kama, ba a ce mata ta koma tafiya haka nan. Kuma iyayen namu ma suna fama da faso da kaushi da ƙaya, shiru kawai suke yi.

Ni ɓangaren wasanni da lafiyar jiki nake karanta a kwalejin ilimi ta nan Gumel, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba. Duk mukan haɗa su mu ce kambas, amma ba aiki ɗaya aka yi su domin shi ba. Na wasan tanis na gaske, irin wanda za ku gani a ƙafar 'yan gasar Dala Hard Court a Kano, an yi shi ne don gudu gefe da gefe da tsayawa farat ɗaya. Shi ya sa yake da nauyi, gefunansa da tauri, ƙasansa a shimfiɗe kusa da ƙasa, bakinsa da ƙarin roba saboda jan yatsa, zanen ƙasan kuma yawanci zigizag ne. Na gudu da na tafiya gaba kawai suka sani, sun fi sauƙin nauyi, soson diddigensu ya fi kauri. Akwai kuma na uku, na gayu, irin su Converse All Star da Stan Smith na Adidas. Na farkon don ƙwallon kwando aka fara yin sa tun 1917, na biyun asalinsa na tanis ne, amma yau duk ado ake yi da su, cikinsu a miƙe yake. Ga mai ciwon diddige da doguwar tafiya, na gudu mai taurin baya ya fi. Na tanis kuma yana da ranarsa: ya fi jure gurzuwa, kuma ƙaya ba ta saurin huda shi.

Malamar Firamare: Na gode da wannan. Ni na taɓa ji an ce ki jiƙa ƙafa ki taka siminti, in sawun ya fito duka to ƙafarki shimfiɗaɗɗiya ce sai takalmi na musamman, in tsakiyar bai fito ba kuma wani iri daban. Gaskiya ne?

'Yar Gumel: Malama, zai nuna miki siffar ƙafarki, wannan gaskiya ne. Amma an gwada raba wa sababbin sojojin Amurka takalma bisa siffar tafin ƙafarsu lokacin horo, ba a ga raunin ya ragu ba idan aka kwatanta da waɗanda aka ba iri ɗaya. Don haka kada mai shago ya tsorata ki da shi ya ƙara miki kuɗi. Ki gwada uku ko huɗu, ki yi tafiya da kowanne, wanda ƙafarki ta fi sakewa a ciki ba tare da diddige yana fita ba shi ne naki.

Anti Nas: Sai dai wadda ƙafarta ta karkace sosai har takalmi yana cinyewa ta ciki, ko take jin ciwon har gwiwa. Wannan ta je a duba ta, a asibitin ƙashi na Dala ana yin shimfiɗa daidai ƙafar mutum.

Hajiya Babba: Goggon Yara, da ni da ke sa'o'i ne, don haka zan faɗa miki kai tsaye. Ranar da kika je Mina za ki nemi takalmin 'yan ƙwallon nan da kanki. Tafiyar jifa daga tantinan 'yan Najeriya ba wasa ba ce, ga kwalta ta ɗau zafi, ga turereniya. Na ga mata da yawa an take musu silifas ta baya ya tsinke, suna tafe ba takalmi a kan wannan zafin. Safa da Marwa kaɗai, kai-komo bakwai ɗin nan ya kai wajen kilomita uku. Kuma tun a wajen bita malamai suke faɗa, mace a cikin harami ba a hana ta safa da rufaffen takalmi ba. Abin da kawai nake gaya wa maniyyata, kada a kai sabo fil can, a fara sa shi a gida makonni kafin tafiya. Waƙar yara kuwa, kwana nawa ne su gaji? Baƙi za ta saya ko ruwan toka, wa yake leƙa ƙarƙashin zani?

Goggon Yara: Allah ya kai mu Hajiya, in na je na sa. A nan dai roba sau-ciki ta ishe ni, in ta yi taɓo in watsa mata ruwa a bakin rijiya in wuce.

Malamar Firamare: Wannan kuma Goggo ta fi mu gaskiya a kansa. Aikin Maman Sadiq na tsakiyar damina ne. Mu nan wajen Auyo in ruwa ya sauka laka ce har idon sawu, kambas in ya jiƙe sai ya kwana bai bushe ba. Kambas mai raga a samansa kuma ba ku faɗi aibinsa ba. Yashi yana shiga ta ragar ya taru ƙarƙashin yatsu, in kaka ta gabato kuma ƙarangiya ta dame shi da igiyar gaba ɗaya, sai kin zauna kina cira tana sukar ki. Tsidau ma yana shigewa soso mai laushi ya zauna. Ni mai fata nake sawa, goge shi kawai nake yi.

Ummu Hanan: Mai fata a zafin nan? Ƙafa ai dahuwa za ta yi.

'Yar Gumel: Kowacce da gaskiyarta. Raga tana shan iska kuma ta fi saurin bushewa, fata tana tare yashi da ƙaya amma in ruwa ya shiga ciki ya zauna. Akwai na tsakiya, wanda saƙarsa take a matse, an zagaye bakinsa da gefensa da fata ko roba. Shi zan ɗauka in ni ce. A ƙasan kuma a samu roba ta gaske mai zane mai zurfi, don akwai waɗanda soson ne tsirara yake taɓa ƙasa, santsi gare su a laka kuma nan da nan suke suɗewa. Robar Goggo a saka ta a jaka, in an zo tsallake ruwa a canza.

Maman Sadiq: To alwala fa? Azahar da la'asar duk a hanya suke samun mu. Kwance igiya da ɗaurawa, ga shiga gidajen mutane, wani ɗakin dole ki cire. Ba gara marar igiya ba?

Anti Nas: Marar igiya ya fi sauƙi, amma in ya saki shi ke nan, ba ki da yadda za ki matse shi, da yamma in ƙafa ta kumbura kuma ba ki da yadda za ki sassauta. In igiyar ce damuwa, akwai mai maɗauri da ake mannawa a ɓare. Abin da ba na so shi ne a riƙa tura ƙafa ana take bayan takalmin, nan ne ƙarfinsa yake, in ya karye an gama.

Alwalar ma akwai abin lura. Ki tafi da ɗan tsumma ki tsane tsakanin yatsu kafin ki mayar da safa, in ba haka ba cin ruwa zai kama ki, ga wari. Safa biyu, ki canza da rana. Kada ki sa shi ba safa.

Sannan takalmi shi kaɗai ba ya warkar da wannan ciwon. Kafin ki sauko da safe, ki kama yatsun ki ja su baya zuwa ƙwauri, ki riƙe kaɗan, ki maimaita. Da rana ki dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, diddige a ƙasa, ki ranƙwafa gaba har ki ji sha-raɓa ta miƙe. Da dare ki murza kwalba a ƙarƙashin tafin. Yana ɗaukar watanni, ba kwanaki ba. A tsakar gida ma ki daina yawo ba takalmi a kan siminti. In kin ga kumburi, ko ƙafar tana mutuwa, ko ciwon yana hana ki barci, ki zo asibiti.

'Yar Gumel: Dabara ɗaya a kan igiyar. Akwai ƙaramin rami na ƙarshe can sama da mutane suke bari ba komai. In diddige yana zamewa, ki zura kowace igiya a ramin gefenta ta yi 'yar kunne, sai ki ratsa ɗaya cikin kunnen ɗaya ki ja ki ɗaure. Zai kama idon sawu ba tare da ya matse yatsu ba.

Yaya Mai Gwanjo: Masu faffaɗar ƙafa kuma kada ku ji kunyar ɗaukar na maza. A lamba ɗaya na maza ya fi faɗi, a dila ma duk a haɗe suke zuwa, launi ne kawai. Na mata da yawa bakinsu a tsuke yake, ƙafar da ta girma a silifas ba ta shiga. In kuma gwanjon kika saya, ki biya wajen shumeka ya zagaye ƙasan da ɗinki tun kafin ya buɗe baki, zafin nan namu yana kashe gam.

Amaryar Ringim: Don Allah in ɗan karkatar da ku. Surukata tana da ciwon suga, an ce ta riƙa tattaki da safe. Irin wannan zan saya mata?

Anti Nas: Nata ya fi na kowa buƙatar kula, domin suga yana kashe jin ƙafa, takalmi ya ji mata ciwo ba ta sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Ita kam sabo, mai faɗin baki da zurfi, ki sa hannu ciki ki tabbatar babu ɗinkin da yake karta. Kada ki sayo da ƙiyasi, ki tafi da ita ko da zanen ƙafarta. Kwanakin farko ta sa na ɗan lokaci, a cire a duba ko akwai inda ya yi ja. Kullum a zazzage takalmin kafin ta sa, saboda tsakuwa da kunama, a kuma duba tafin da tsakanin yatsu da dare. In ta samu fara ko mai hasken safa ya fi, ko ɗigon jini ne za a gani.

Ummu Hanan: Yaya Mai Gwanjo, wankin fa? Nawa tunda na jiƙa shi ya kwana a omo ya fara ɗagowa ta gaba.

Yaya Mai Gwanjo: Jiƙon ne ya ci gam ɗin, wataƙila kuma kin shanya shi a kan kwano da tsakar rana. Ki cire igiya da shimfiɗa ki wanke su daban, jikin kuma burushi da ruwan sabulu kaɗan, ba ruwan zafi ba. Ki cusa masa tsohuwar takarda ki jingina a inuwa inda iska take kaɗawa, in takardar ta jiƙe ki canza. Wanda ya ɗago ki kai shumeka gobe, ɗinki zai yi masa, kada ki yarda ya shafa gam kawai ya miƙo miki.